Francis Aston, Mutumin da Ya Gano Asalin 35.5

Duk wanda ya zauna ajin kemistiri a nan Kazaure, musamman 'yan SLT, ya haddace cewa nauyin atom ɗin kulorin 35.5 ne. Mun rubuta a jarrabawa, mun ci maki, amma mu nawa ne muka tambayi daga ina rabin nan ya fito? Francis William Aston ne ya nuna amsar.

An haife shi a Harborne, kusa da Birmingham ta Ingila, ran 1 ga Satumba 1877. Bayan karatu ya yi shekara uku yana aiki a kamfanin giya, in ya koma gida kuma ya shiga hura bututun gilashi yana gwaje-gwajensa. A 1910 J. J. Thomson ya gayyato shi Cambridge. A can suka ga iskar niyon tana barin layi biyu a farantin hoto, ɗaya a 20, ɗaya a 22. Aston ya yi ta tace iskar ta cikin yumɓu don ya raba su, amma abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Sai Yaƙin Duniya na Farko ya katse aikin.

Da ya dawo, a 1919, ya ƙera na'urar da ke jera atom bisa nauyinsu. Ya saka kulorin, sai ga layi a 35, ga wani a 37, babu komai a 35.5. Ashe tagwaye ne, waɗanda ake kira aisotof. To lissafa: buhu uku masu kilo 35 da ɗaya mai kilo 37, jimilla 142, raba huɗu, 35.5 ke nan. Shi da duhun layi yake kimanta yawan kowanne. Na'urorin yau tsini suke zanawa. Idan ka ga tsini biyu da tazarar 2, na farko ya ninka na biyu sau uku, akwai kulorin ɗaya a ciki. In biyu ne, 9:6:1 za ka gani. Da irin wannan alamar ake gane wasu magungunan ƙwari a wake ko ruwan sha.

Ya gano aisotof 212, aka ba shi kyautar Nobel a 1922. Bai taɓa aure ba, sai iyo da tanis da yawon duniya. Ya mutu a Cambridge ran 20 ga Nuwamba 1945.