Tarihin Emile Berliner, Uban Garmaho

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya manyanta ya san garmaho, amma kaɗan ne suka san cewa wannan kalma suna ne da wani mutum guda ya raɗa wa na'urarsa, harshenmu ya ara ya lanƙwasa shi. Mutumin nan shi ne Emile Berliner. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo taƙaitaccen tarihinsa, ta kuma nuna yadda aikinsa ya shafi waƙa da kiɗa har a ƙasar Hausa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Berliner ran 20 ga Mayu, 1851, a birnin Hanoba ta ƙasar Jamus, a gidan Yahudawa 'yan kasuwa. Bai yi karatu mai zurfi ba. A shekarar 1870 ya yi ƙaura zuwa Amurka, inda ya zama yaron kanti a Washinton. Daga baya ya zauna a Niyok yana ƙananan ayyuka da rana, da dare kuma yana koyon kimiyya. A 1877 ya ƙago wata dabara ta ƙarfafa muryar mai magana a wayar tarho. Kamfanin Bell ya sayi dabarar, ya kuma ɗauke shi aiki.

Ƙago Garmaho

A wannan shekara ta 1877 ce Thomas Edison ya fito da na'urar farko mai ɗaukar murya ta maido da ita. Sai dai ita tana zana sautin ne a jikin wani abu mai siffar gwangwani, wanda yake da wuyar kwafa. Berliner ya lura cewa muddin ba a iya buga waƙa guda sau dubu ba, talaka ba zai mallake ta ba. Saboda haka ya koma ga shimfiɗaɗɗen faifai. Yakan shafa kaki a faifan tutiya, allura ta bi tana karkarwa dama da hagu gwargwadon sautin, sa'an nan a zuba ruwan asid ya cinye gurbin da allurar ta bi. Daga wannan uwar faifai ake yin abin zubi, a yi ta buga 'ya'ya masu yawa.

Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1887, ya nuna ta ga masana a Filadelfiya a 1888. A 1898 aka kafa kamfanin garmaho a Landan, aka kuma kafa wani a Hanoba tare da ɗan'uwansa Joseph. Amma hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A 1900 rigimar shari'a ta hana shi sayar da kayansa a Amurka, ya mai da hankalinsa ga Kanada. Duk da haka faifai bai ja da baya ba, har ya kori gwangwanin Edison daga kasuwa.

A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa wajen yaƙi da mutuwar ƙananan yara, yana kira ga iyaye su riƙa tafasa madara. Shi da ɗansa Henry sun kuma gwada ƙera jirgi mai saukar ungulu. Ya rasu a Washinton ran 3 ga Agusta, 1929, yana da shekara 78.

Tasirinsa

Kafin a fara ɗaukar murya, waƙar baka tana rayuwa ne a bakin mawaƙi da 'yan amshinsa. In ya mutu, muryarsa ta bi shi kabari, sai abin da masu sauraro suka riƙe a ka. Ko a fadojin ƙasar Hausa, makaɗa nawa ne suka shuɗe ba mu san amon muryarsu ba? Amma Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ɗalibi na iya zama yau ya saurare shi, ya rubuta baitocinsa, ya nazarci salonsa. Wannan bambanci ne babba ga duk mai nazarin adabin baka.

Har harshenmu bai tsira daga tasirinsa ba. Faifai dai asalinsa abin rufe ƙwarya ne da mata ke saƙawa. Da Hausawa suka ga abin da ake ɗora wa garmaho ya yi kama da shi, sai suka ba shi sunan. Garmaho ya wuce, kaset ya zo ya wuce, amma har yanzu muna cewa faifan bidiyo ga hoton da ke cikin waya, alhali babu faifan ko ɗaya.

Kammalawa

Berliner bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma yana cikin waɗanda suka buɗe hanyar adana muryoyin mawaƙanmu. Saura gare mu ɗalibai. Tsofaffin fayafayai na nan a ɗakunan ajiya da gidajen dattawa, zafi da ƙura suna cin su. Wajibi ne mu nemo su, mu kwafe su, mu rubuta abin da ke ciki tun kafin su lalace, domin da an karya faifan da ba shi da na biyu, mawaƙin ya sake mutuwa.