Wiliyam Hershel, makaɗin da ya gano sabuwar duniya

Tun zamanin da, malamai sun san taurari biyar masu yawo a sararin sama: Utaridu, Zara, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. Waɗannan duniyoyi ne masu kewaya rana kamar tamu. Mushtari da Zuhalu su ne manyansu. An yi dubban shekaru ba wanda ya ƙara ko ɗaya a kan biyar ɗin nan, sai da wani makaɗi ya zo.

Sunansa Wiliyam Hershel. An haife shi a Hanoba, cikin ƙasar Jamus, a 1738, shekara 16 kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, nan kusa da Galmi. Ubansa mabushi ne cikin soja, shi ma ya gaji sana'ar. A 1757 yaƙi ya sa ya ƙaura Ingila. Daga baya ya zauna garin Bat, yana kiɗa, yana koya wa mutane.

Wiliyam bai yi makarantar ilmin taurari ba. Littattafai ya saya, yana karantawa in ya tashi daga aiki. Ya so babban madubin hangen nesa, amma bai sami irin wanda yake so ba. Sai ya ƙudura zai ƙera nasa. Ya mai da gidansa maƙera. Yana narka tagulla da kuza, ya zuba cikin mazubin da ya yi da kashin doki, sa'an nan ya yi ta gugar ƙarfen har ya zama madubi. Akwai ranar da ya yi awa 16 bai ɗaga hannu ba, ƙanwarsa Karolina na sa masa abinci a baka. Wata rana tanderu ya tsage, narkakken ƙarfe ya kwarara ƙasa, daɓen dutse ya yi ta fashewa. Da ƙyar suka tsira. Duk da haka bai daina ba.

Ran 13 ga watan Maris 1781, da dare, yana bayan gidansa da madubi mai tsawon mita biyu. Sai ya hangi wani tauraro da ya fi maƙwabtansa kauri. Bayan kwana huɗu ya sake dubawa, ya tarar ya gusa. Ya yi tsammanin tauraro mai wutsiya ne. Da masana suka yi lissafi, sai suka gane duniya ce, can bayan Zuhalu. Ita ce Uranus. Faɗinta ya ninka na duniyarmu sau huɗu, kuma sai ta shekara 84 kafin ta kewaya rana sau ɗaya.

Sarkin Ingila ya yanka masa albashi a 1782, ya bar kiɗa. Yana duba sama, Karolina na rubuta abin da ya gani, ko cikin tsananin sanyi. Ya lura da ɗigo-ɗigon da ke jikin Mushtari, ya ga ba tafiya ɗaya suke ba. Ya yi zaton iska ce ke tura su. Yau an tabbata manyan duniyoyin nan lulluɓe suke da gajimare, kuma guguwa na tashi cikinsu. Ya kuma auna juyin Zuhalu, ya sami awa 10 da minti 16. Ya rasu a 1822, yana da shekara 83.

Har yanzu akwai masu bin sawunsa. Da rana suna sana'arsu, da dare suna ɗaukar hoton duniyoyi da ƙananan madubai. A 2009 wani mutumin Ostareliya ya ɗauki hoton baƙin tabo a jikin Mushtari tun kafin manyan masana su gani. Wani abu ne ya faɗo masa daga sarari. Lalle mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Tambayoyi
1. Mece ce sana'ar Hershel ta farko?
2. Da me ya ƙera madubinsa?
3. Yaya ya gane abin da ya hanga yana tafiya?
4. Ku tambayi tsofaffin garinku sunayen taurarin da suka sani, ku rubuta su.