Richard Shuttleworth: Mai Farfaɗo da Tsofaffin Jiragen Yaƙi

A wannan fitowa na ga ya dace in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai taƙaitaccen tarihin wani Bature mai suna Richard Shuttleworth, domin aikinsa ya bar mana tambaya: idan aka gyara tsohon abu har aka sauya masa sassa, shin yana nan na asali?

An haife shi a Old Warden ta ƙasar Ingila ranar 16 ga Yuli, 1909. Danginsa sun yi arziki ne da ƙera injunan noma. Ya fara yin fice a tseren mota, inda ya ci babbar gasar Donington a 1935. Mummunan haɗarin da ya yi a Afirka ta Kudu a 1936 ya raba shi da tsere, sai ya duƙufa kan tsofaffin jiragen sama.

Burinsa shi ne kowane jirgi ya sake tashi, ko da hakan zai sa a sake masa katako da yadi. Ta haka ya farfaɗo da jirgin Blériot na 1909. Wanda ya fi jan hankalina shi ne jirgin Sopwith Dove, na farar hula mai kujera biyu, da ya mayar da shi siffar Sopwith Pup, jirgin Yaƙin Duniya na Ɗaya mai kujera ɗaya. Kamfanin Sopwith ne ya ƙera shi, kuma daga tsarin Pup aka fitar da Dove tun farko, amma wannan jirgi bai taɓa zuwa fagen fama ba. To, na asali ne ko kwaikwayo?

A nawa ganin, duk wanda ya ce kada a taɓa komai, sai ya haƙura da jin ƙarar injin. Wanda kuma ya zaɓi tashi, wajibi ne ya bayyana abin da ya sauya, don kada a yaudari na baya.

Shuttleworth ya shiga rundunar sojan sama da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1940, lokacin da jirginsa ya faɗi a atisayen dare, yana ɗan shekara 31. Mahaifiyarsa Dorothy ta kafa gidauniya da sunansa a 1944, aka buɗe wa jama'a ma'ajiyar jiragen a 1963, kuma har yau suna tashi a Old Warden.