Otto Warburg: Mutumin Da Ya Binciki Yadda Ƙwayoyin Jiki Ke Cin Abinci

 A wannan makon na kawo muku tarihin wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus mai suna Otto Warburg.

An haife shi a garin Freiburg ranar 8 ga Oktoba, 1883. Mahaifinsa Emil Warburg shi ma babban malamin kimiyya ne. Otto ya karanta ilimin haɗa sinadarai a Balin, sannan ya zama likita a Heidelberg a 1911. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ya shiga sojan doki, har aka ji masa rauni. A 1918 Albert Einstein, abokin mahaifinsa, ya rubuto masa wasiƙa yana roƙonsa ya bar fagen fama ya koma bincike. Ya ji shawara ya dawo.

Jikinmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya iya gani. Galibin ƙwayoyin suna ƙona sukari da iskar oksijin don su sami ƙarfi, kamar yadda itace ke ci a murhu idan ana hura shi. Wannan ƙonawa ita Warburg ya yi ta bincike a kai, har ya ci kyautar Nobel a 1931.

Tun kafin nan ya gano wani abin mamaki. Ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙe sukari mai yawa, amma maimakon su ƙona shi sarai, sai su farfasa shi cikin gaggawa su fitar da wani sinadari mai tsami, ko da akwai oksijin a kusa. Sai ya ce lalacewar numfashin ƙwaya ce ke haddasa ciwon daji, kuma ya kafe a kan haka har ya rasu a Balin ranar 1 ga Agusta, 1970. Daga baya aka gane abin da ya gani gaskiya ne, amma dalilin da ya bayar bai cika ba.

To, mene ne haɗin wannan da jijiyoyin jini? Idan ka ji ciwo, dole sababbin jijiyoyi su tsiro su kai jini wurin kafin ya warke. A 2013 masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini su ma galibin ƙarfinsu daga farfasa sukari suke samu. Shi ya sa suke iya kutsawa inda oksijin ya yi ƙaranci, su bar shi ga naman da ke buƙata. Sai dai ƙarin ciwon daji shi ma yana janyo sababbin jijiyoyi su riƙa ciyar da shi. Don haka masana ke neman hanyar rage wa waɗannan jijiyoyi cin sukari, ko ƙarin zai daina girma.

Darasin da na koya shi ne, ko mai kyautar Nobel yana iya kuskure, amma abin da aka auna da kyau ba ya ɓata. Mu riƙa rubuta abin da muka gani a gwajin aji, ba abin da muke so mu gani ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.