Labarin Likita Mila, Baƙon da Aka Kora daga Kano

Ya ɗan'uwa mai neman hanyar Almasihu, ga labarin wani baƙo, ka yi tunani a kansa.

An haifi Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suke kira Likita Mila, a Ingila a shekara ta 1872. Da ya gama koyon aikin likita, sai ya ba da kansa ga mishan ta C.M.S. Bai fara da wa'azi ba. Sai da ya tafi Tarabulus ya zauna wurin Hausawa fatake da alhazai, yana koyon harshensu kamar yaro, gama ya sani baƙon da ba ya jin magana kurma ne a gari.

A 1900, shi da Bishof Tugwell da waɗansu mutum uku suka taso daga Ikko, suka yi wata da watanni a hanya har suka ga ganuwar Kano. Saurayin ya ga birni mai girma, da kasuwar Kurmi cike da fatake, da malamai masu littattafai. Ya gane ba wurin jahilai ya zo ba. Amma Sarki Alu bai karɓe su ba, domin sun shigo ba da izninsa ba. Ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka juya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, can ciwo ya kashe abokinsa Ryder.

Da wani ne, da ya koma gida da ɗacin rai, ba a ƙara jin labarinsa ba. Likita Mila kuwa ya komo. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koya wa yara karatu, yana juya Maganar Allah zuwa Hausa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da harshenmu, shi ne kuwa babban mai aikin. Ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

To, kai da kake Madobi ko Kura ko Bunkure, watakila 'yan'uwanka sun rufe maka ƙofa saboda bangaskiyarka. Kada ka rama da zagi, kada kuwa ka raina su. Ka gaishe su da ladabi, ka taimake su a gona, ka yi musu addu'a. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.