Hermann Ebbinghaus (1850–1909): Masanin da Ya Auna Mantuwa

Gabatarwa

Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna muhawara a kan tunawa. Shin ɗabi'a ce da ake gani a zahiri, ko kuwa aiki ne na ƙwaƙwalwa da ke ɓoye? Rayuwar Hermann Ebbinghaus ta haskaka wannan mas'ala ƙwarai.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haife shi a garin Barmen na ƙasar Jamus ranar 24 ga Janairu, 1850. Mahaifinsa attajiri ne. Ya shiga Jami'ar Bonn yana ɗan shekara 17, amma yaƙin da ya ɓarke da Faransa a 1870 ya katse masa karatu, ya shiga soja. Bayan yaƙin ya sami digirin digirgir a falsafa a 1873. Daga nan ya zauna a Ingila da Faransa yana koyarwa. A wannan lokaci ne ya karanta littafin Gustav Fechner kan auna abin da gaɓoɓin ji ke ji, sai ya ƙudurta gwada irin wannan awo a kan tunawa.

Bincikensa

Manyan masana na zamanin suna ganin tunawa ta yi zurfin da ba za a iya gwada ta ba. A 1879 Ebbinghaus ya fara gwaji a kan kansa. Ya ƙirƙiro gaɓoɓi marasa ma'ana kimanin 2,300, kowace da wasali tsakanin baƙaƙe biyu, don kada sanin kalma ya sauƙaƙa masa hadda. Yakan haddace jerin gaɓoɓi, ya bar su na wani lokaci, sannan ya sake haddace su, yana lissafa lokacin da ya ragu a karo na biyu. Wannan ragi shi ne ma'aunin abin da ya saura a ƙwaƙwalwa, ko da mutum yana jin ya manta komai.

Sakamakon, wanda ya wallafa a 1885, ya nuna mantuwa na da sauri da farko, sannan ta lafa. Bayan minti 20 abin da ya saura kashi 58 cikin ɗari ne, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan wata guda kashi 21. Ya kuma gano cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka yi a zama ɗaya amfani.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya koyar a Jami'ar Berlin, ya koma Breslau a 1894, inda ya ƙirƙiro jarrabawar cike gurbi a jimla don auna basirar 'yan makaranta. Ciwon huhu ya yi ajalinsa a garin Halle ranar 26 ga Fabrairu, 1909.

Kammalawa

Bayan rasuwarsa, mabiya John Watson suka taƙaita bincike a kan ɗabi'ar da ake gani. Daga shekarun 1950 aka koma ɗaukar tunawa a matsayin aikin ƙwaƙwalwa, kuma a haka ake koyar da ita yau. Aikin Ebbinghaus ya nuna cewa tunawa ɓoyayyiya ce, amma ta hanyar abin da mutum ya furta ko ya aikata ake auna ta. Saboda haka, malami ya fara bitar darasi tun kafin mantuwa ta ci ƙarfinsa.