Bernard Moitessier: Matuƙin jirgin ruwan da ya juya wa nasara baya

An haifi Bernard Moitessier a ranar 10 ga Afrilun 1925 a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Faransa. A wurin masuntan yankin ya koyi sarrafa jirgin ruwa mai tafiya da iska. Jiragensa biyu sun tarwatse, ɗaya a tekun Indiya a 1952, ɗaya a Karebiyan a 1958, amma bai karaya ba. Daga baya aka ƙera masa na ƙarfe mai tsawon mita 12, ya sa masa suna Joshua domin tunawa da Joshua Slocum, mutum na farko da ya kewaye duniya a jirgin ruwa shi kaɗai.

A 1968 jaridar Sunday Times ta Birtaniya ta shirya gasar kewaye duniya, mutum shi kaɗai, ba yada zango, ba karɓar taimako. Ta sanya fam 5,000 ga wanda ya fi sauri. Mutum tara suka shiga, Moitessier kuma ya tashi daga Plymouth ranar 22 ga Agusta.

Rayuwar cikin jirgin aiki ce ba dare ba rana. Shi ne direba, shi ne kuku, shi ne tela mai ɗinke tamfol ɗin da ke kama iska idan ya yage. Abincinsa shinkafa ce da kayan gwangwani, ruwan sha kuwa idan an yi sama yake tarbarsa daga jikin tamfol. Barci kaɗan-kaɗan yake yi, yana barin wata na'ura mai aiki da iska ta riƙe masa akalar jirgin. Domin sanin inda yake, sai ya auna tsayin rana ko taurari, ya yi lissafi a kan taswira. Ya ƙi ɗaukar na'urar aika saƙo ta rediyo. In ya haɗu da wani jirgi, sai ya harba wasiƙarsa cikinsa da danƙo irin na harbin tsuntsu. A gaɓar Afirka ta Kudu, garin miƙa saƙo, wani jirgin dakon kaya ya buge shi har ƙarfen goshin jirginsa ya lanƙwashe, ya kuma miƙe shi da kansa a tsakiyar teku. Da gajiya da kaɗaici suka yi masa yawa, sai ya rungumi motsa jiki na yoga, ya kuma zubar da kayan da ba ya bukata domin jirgin ya rage nauyi.

A farkon Fabrairun 1969 ya wuce Cape Horn, ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, inda igiyar ruwa ta halaka jirage masu yawa. Saura kawai ya miƙe arewa zuwa Ingila, masu lura da gasar da dama kuma suna ganin shi zai ci kuɗin. A nan ne ya yanke shawarar da ta girgiza jama'a. Ya ga cewa hayaniyar Turai da neman suna za su raba shi da natsuwar da ya samu a teku. A watan Maris ya harba saƙo kusa da Cape Town cewa ya fita daga gasar, ya ci gaba da tafiya gabas, ya bar matarsa Françoise tana jiransa. Sai 21 ga Yunin 1969 ya isa tsibirin Tahiti, bayan wata goma a kan ruwa da tafiyar mil 37,455 na teku.

Ɗan Birtaniya Robin Knox-Johnston, wanda shi kaɗai ya kammala, cikin kwana 312, shi ya ci gasar. Moitessier ya rubuta labarin tafiyarsa a littafin La Longue Route, ya zauna shekaru a tsibiran tekun Pasifik yana shuka itatuwa, yana kuma adawa da gwajin makaman nukiliya a yankin. Ya rasu ranar 16 ga Yunin 1994 kusa da Paris sakamakon ciwon daji. Jirginsa Joshua yana ajiye a gidan tarihin teku na La Rochelle a Faransa.